Darasi na Bakwai: Kayar da Bishiya da Yanka Gungume Lafiya

Ranar da na fara bin masu saran itace, na isa gindin bishiya da gatari a kafaɗa, ina ta zumuɗi. Har na ɗaga zan kai sara, dattijon da ke koya mana aikin ya riƙe ƙotar.

"Yaro, me ka gani a sama?"

"Ganye, Baba."

"Sake dubawa."

Na sake ɗaga kai. Can tsakiyar rassa ga wani busasshen reshe, kaurinsa ya kai cinyar mutum. Ya karye tun tuni, ɗan'uwansa ne kawai ya tallafe shi, kuma saitin kaina yake. Girgizar sara uku ko huɗu ta isa ta sako shi.

Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya tana lissafa aikin daji cikin ayyukan da suka fi haɗari, har ta fitar da ƙa'idojin kiyaye lafiya a kansa a 1998. Mutane kan ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Ni dai abin da na gani a wannan sana'a, yawancin tsautsayin ana hango shi tun daga gindin bishiya, in mutum ya tsaya ya duba.

Kafin sara na farko

Zagaya bishiyar kana kallon sama. Ina ta karkata? Wane gefe rassa suka fi nauyi? Buga gindin da ƙeyar gatari. In ka ji yana amsawa kamar ganga, cikin ya ruɓe, kuma ruɓaɓɓiyar bishiya ba ta faɗuwa inda aka nufa. In akwai wayar lantarki kusa, aikin ba naka ba ne, sai ma'aikatan wuta sun zo. In iska tana kaɗa kan bishiya da ƙarfi, ko hadari ya haɗu, a bari sai wata rana.

Duk wanda ba shi ke saran ba, ya ba da tazarar tsawon bishiyar sau biyu. In tsawonta mita 15 ne, kowa ya koma bayan mita 30, har da yara da dabbobi. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. A tsawon bishiya kam ido yakan yi ƙarya, sau da yawa gajeriya yake ganinta. Ga dabara: sami sanda mai tsawon hannunka, ka riƙe ƙarshenta a tsaye, ka miƙe hannun sosai. Yi ta ja da baya har sandar ta rufe bishiyar daga gindi zuwa ƙoli. Kusa da inda kake tsaye ne kanta zai sauka.

Sai hanyar gudu. A share hanya biyu a bayan bishiya, ɗaya dama ɗaya hagu, kowace a karkace. Ba a gudu ta baya kai tsaye, domin gindi yakan zame daga kan kututture ya yi harbi ta nan. Kwashe duk abin da zai harɗe ƙafa. Na sha ganin mutum ya share hanya tas, sannan ya ajiye galan ɗin mai a tsakiyarta.

Baki da linzami

Ana fara yanka baki a gefen da ake so ta faɗi. Yanka biyu ne, ɗaya a kwance, ɗaya daga sama a karkace, su haɗu daidai har ɓallin ya fita. Zurfin bakin kamar kashi ɗaya cikin huɗu ko biyar na faɗin gindi. Daga nan a koma baya a yi yankan ƙarshe a kwance, sama da ƙasan bakin da kamar yatsa biyu.

A nan ne ake yawan ɓata aiki. Yankan baya ba ya haɗuwa da baki. Dole a bar itace a tsakaninsu, kamar kashi ɗaya cikin goma na faɗin gindin. Wannan saura shi ne linzamin bishiya: shi ke riƙe ta, ya jagorance ta har ƙasa. In faɗin gindi santimita 50 ne, bakin ya zama 10 zuwa 12, linzamin kuwa 5. Wanda ya cinye linzami ya saki bishiya ta zaɓi hanyarta, kuma ba ta shawara da kowa. In ta zauna a kan zarto ta matse shi, a buga weji, wato ɗan guntu mai tsinin baki da ke buɗe tsaga, na itace ko na roba a yankan baya. Na ƙarfe yana fasa haƙoran sarƙar zarto mai inji.

Kafin yankan ƙarshe ka ɗaga murya: "Ga ta nan!" Jira a amsa maka. Da ta fara motsi, zare zarto, bi hanyar gudu, idonka a kan rassa. Bayan ta faɗi ma ka dakata kaɗan, domin karyayyun rassa na maƙwabtanta sukan biyo baya.

Bishiyar da ta karkata ƙwarai a bar wa gwanaye. Tana iya tsagewa a tsaye tun yanka bai yi nisa ba, ɓarin ya ɗago ya doki mai yanka a haɓa ko ƙirji.

Wadda ta rataye

Wani lokaci bishiya takan taho ta maƙale a jikin wata. Rai ya ɓaci, rana ta yi, mutum yana so ya gama. Kada a shiga ƙarƙashinta, kada a hau ta, kuma kada a sare wadda ta tallafe ta, don mai saran ne zai zama matashinta. A juya gindin da doguwar sanda mai ƙwari, ko a ɗaura igiya a ja daga nesa. In ta ƙi, a kewaye wurin da alama, a sanar da kowa, a nemo kayan aikin da suka fi ƙarfinta.

Zarto mai inji

Sarƙar wannan zarto tana gudun kusan mita 20 a daƙiƙa ɗaya. Babban sharrinsa shi ne harbi. In saman hancin takobinsa, wato ƙarshen dogon ƙarfen da sarƙa ke zagayawa, ya taɓa reshe, ko dutse, ko wani gungume, injin yakan yi tsalle sama ya nufo fuska kafin ƙiftawar ido. Babu hannun da ya kai shi sauri. Don haka a san inda hancin yake a kowane lokaci. A riƙe da hannu biyu, babban yatsan hagu ya zagaye mariƙin gaba. A tsaya ɗan gefe da layin yanka. Ba a yanka abin da ya wuce kafaɗa, ba a yanka daga kan tsani.

Gwada birkin sarƙa kowace safiya, ka kuma danna shi duk lokacin da za ka taka daga wuri zuwa wuri. Ta da inji a ƙasa, ƙafa ta danne mariƙin baya. Masu cilla shi a iska su fizgi igiya burga suke yi, kuma an ce ruwa gwani yake ci. Za a zuba mai? A kashe, a bar shi ya huce, ba sigari. A matsa aƙalla mita 3 daga wurin kafin a sake tayarwa.

Dakusasshen ƙarfe ya fi mai kaifi cuta. In zarto yana fitar da gari maimakon ɓarɓashi, sarƙa tana son wasa. Gatarin da ya dakushe kuwa zamewa yake ya nemi ƙwauri. Duba ƙota, kada kan ya fice.

Hular kwano, tabarau ko ragar fuska, safar hannu, takalmi mai ƙarfe a baki, da wandon masu zarto, wanda zarensa ke cushe sarƙa ya tsayar da ita. Na san akwai zafi. A sa duk da haka. Abin toshe kunne ma dole ne: ƙarar da ta wuce desibel 85 (ma'aunin ƙarfin sauti) tana lalata ji a hankali, wannan inji kuwa ya haura 100. Jin da ya tafi ba ya dawowa.

Bayan ta kwanta

Bishiya a ƙasa ba ta mutu ba tukuna. Reshen da ta danne ya lanƙwashe kamar baka, in aka datse shi kai tsaye zai yi bulala. A gangare, tsaya ta sama, domin gungume ƙasa yake mirginawa. Gungumen da ke kan tallafi a kai biyu, fara ɗan yanka daga sama, ka ƙarasa daga ƙasa, in ba haka ba zai matse zarto. In hannu ya fara rawa don gajiya, zauna ka sha ruwa. Kuma kada ka shiga daji kai kaɗai.

In rauni ya auku

Kashe inji. Danne wurin jinin da ƙyalle mai tsabta, da ƙarfi, kada ka riƙa ɗagawa kana leƙe. In ya jiƙe, ɗora wani a kai. Ba a zuba ƙasa, ko toka, ko baƙin mai. In jini yana tsartuwa daga hannu ko ƙafa ya ƙi tsayawa, ɗaure da faffaɗan ƙyalle kamar yatsa uku sama da raunin, ba a kan gaɓa ba, ka murɗa da sanda har ya tsaya. Rubuta lokacin. Ma'aikatan asibiti ne kawai za su kwance. Wanda itace ya buga a kai, ko wuya, ko baya, kada a ciccibe shi sai in barinsa a wurin ya fi haɗari. In yatsa ya guntule, a naɗe shi a jiƙaƙƙen ƙyalle, a sa a leda, a sa ledar cikin ruwan sanyi, a tafi da shi. A asibiti a tambayi allurar tetanus.

Aikin aji

Ku tattauna: me ya sa ba a gudu ta bayan bishiya kai tsaye? Sai lissafi: faɗin gindi santimita 40 ne, linzami nawa za a bari? Kafin darasi na gaba, kowa ya sami sanda ya auna bishiya ɗaya, ya ƙirga takunsa daga gindi zuwa inda ya tsaya, ya ninka sau biyu, ya rubuto adadin a littafinsa.