Babi na Bakwai: Idan Ruwan Wanke Gilashin Mota Yana Yoyo

Darasi na 1: Hanyar da ruwan yake bi

Wannan babi ba a zaune ake karanta shi ba. Ku tsaya kusa da mota, littafi a hannu. Duk abin da aka ambata, ku nemo shi, ku ɗora yatsa a kai, sannan ku wuce layi na gaba. Wanda karatunsa bai yi ƙarfi ba tukuna, abokinsa ya karanta masa, shi kuma ya yi aikin hannun. Sannu sannu ba ta hana zuwa.

Idan direba ya ja sandar da ke gefen sitiyari, ruwa yakan fesu a gilashin gaba, waifa ta share. Wannan ruwa ba daga lagireto yake fitowa ba, yana da tankinsa daban. Wurare huɗu yake bi.

Na farko, tanki. Farar roba ce, a yawancin ƙananan motoci tana cin lita 2 zuwa 5. Idan kun ɗaga bonet, sau da yawa wuyanta da murfinta kawai za ku gani. Sauran jikinta yana ɓoye a ƙasa, bayan bamba, kusa da tayar gaba. Na biyu, famfo. Ɗan ƙaramin abu ne, bai kai tsawon tafin hannu ba, an cusa bakinsa a gindin tanki ta cikin zoben roba. Wutar batir ce ke juya shi. Na uku, tiyo, baƙi siriri, wanda ya tashi daga famfo ya hau zuwa bonet, a can ya rabu biyu. Na huɗu, bakin feshi, wato ƙananan abubuwan nan biyu masu 'yar huda da ke kallon gilashi.

Ku faɗe su da baki: tanki, famfo, tiyo, bakin feshi.

Yanzu murfi. A ƙarƙashin bonet akwai murafe da yawa, kuma ba a buɗe su da ka. Ku kashe mota, ku ja birkin hannu, ku bar injin ya huce. Murfin da muke nema yana da zane a kansa: gilashin mota, da layin ɗigo yana tashi sama ya rabu hagu da dama. Sau da yawa shuɗi ne, amma kada ku dogara da launi, zanen za ku duba. Yawanci da yatsa ake ɓalle shi, ba a murɗawa. Tankin da kuka ga tiyo mai kauri yana fita daga jikinsa, na ruwan lagireto ne. In injin na da zafi kada ku taɓa shi, tururinsa yana saɓule fata. Ƙaramin tankin da ke can baya ta wajen direba, mai zanen da'ira, na man birki ne. Ko ɗigon ruwa kada ya shiga cikinsa.

Darasi na 2: Wane ruwa ne a ƙasa?

Ba duk jiƙa da aka gani a ƙarƙashin mota ce ta wannan tanki ba. Ku ajiye mota a wuri shimfiɗaɗɗe, ba gangare ba, ku shimfiɗa busasshen kwali a ƙarƙashin gabanta, ku bar shi ya kwana. Da safe ku jawo shi ku duba.

Ruwan wanke gilashi na kwalba yawanci shuɗi ne, ba shi da kauri, yana ƙanshin sabulu, kuma ɗigonsa yakan faɗi ta kusurwa ɗaya, kusa da tayar gaba. Ruwan lagireto kore ne ko ja ko ruwan hoda, yana da santsi idan an murza shi tsakanin yatsu. Baƙin mai kowa ya san shi. Man birki yana da maiƙo, launinsa rawaya-rawaya. In shi kuka gani, ku rufe littafin nan, ku kira makaniki, kada motar ta motsa. Farin ruwa tas da ke ɗiga bayan an kunna na'urar sanyi ba yoyo ba ne, haka take yi.

Da ido ake dubawa, da yatsa, da hanci. Ba a ɗanɗanawa. Wani ruwan kwalba yana da sinadarin metanol, guba ne, kaɗan daga cikinsa yana makantar da mutum. Ku ajiye shi inda yaro ba zai kai ba.

Wanda ruwan famfo zalla yake zubawa a tankinsa, ba zai ga launi a kwali ba. Sai ya zuba mai launi kafin ya yi wannan gwaji.

Darasi na 3: A goge, a jira, a duba sama

A nan ne kusan kowa yake tuntuɓe, don haka za mu daɗe.

Kun san ɗakin da rufinsa ke yoyo. Ruwa yana ɗiga a tsakar ɗaki, amma hudar tana can wani gefe, ruwan ya biyo katako ne kafin ya faɗo. Haka yake a mota. Ruwa yana fita a sama, ya biyo jikin tiyo, ya gangara kan tanki, ya zagayo gindin famfo, sannan ya ɗiga. Wanda ya duba wurin ɗigon kawai zai ce famfo ne ya lalace, ya je ya sayo sabo, ya ɗaura, gobe ya tarar da ƙasa a jiƙe.

Ga yadda ake yi. Ku cika tanki har wuya. A hankali za ku zuba, domin abin da ya fantsama a gefe zai ruɗe ku. Ku mayar da murfi. Sai ku ɗauki busasshen tsumma ku goge wuyan tanki, ku goge jikinsa iya inda hannu ya kai, ku goge famfo, ku goge tiyo. In ba ku ga gindin tankin ba, ku karya sitiyari har ƙarshe, ku leƙa ta gaban taya da tocila. A wasu motocin sai an ɓalle baƙar robar da ke cikin ramin taya.

Tsumman busasshe nake nufi. Na ga masu koyo suna goge wuri da tsumman da suka gama tsane ruwa da shi, sannan su ce ko'ina a jiƙe yake. Ai dole. Ku riƙe tsumma biyu, ɗaya na tsanewa, ɗaya na busarwa.

Kun goge? To, yanzu ku cire hannu. Kada ku taɓa sandar feshi. Ku jira minti 10 zuwa 15. Wannan jiran shi ne aikin, ba hutu ba ne. Mai gaggawa ya zauna a kan hannunsa in ta kama.

Bayan nan ku haska tocila. Inda kuka ga ɗigo yana rataye, ku ɗora busasshen yatsa, ku matsa sama kaɗan. Da danshi? Ku ƙara matsawa sama. Da danshi har yanzu? Ku ci gaba. Inda danshi ya ƙare, sama da shi a bushe ƙayau, nan ne bakin yoyon. Wanda yatsansa ba ya jin danshi sosai ya yagi farar takarda mai laushi ya riƙa dannawa, ita ba ta ɓoye jiƙa.

In ba ku gane ba a karo na farko, babu komai, da yawa ba sa ganewa. Ku sake gogewa, ku sake jira, ku sake bin danshin zuwa sama.

Matsayin ruwan ma yana ba da labari. Ku yi alama a jikin tanki, ko ku zura tsaftataccen kara ku auna, ku bar motar ta kwana. In ruwan ya sauka zuwa wani wuri ya tsaya, tsagar tana daidai wannan layin. In ya ƙare ƙaf, ku nemi matsalar a gindi, wajen zoben roba ko jikin famfo. In bai ragu ba ko kaɗan, tanki lafiya lau yake, sai darasi na gaba.

Kafin ku juya shafi, ku faɗa mini abu uku da ake yi. A goge. A jira. A duba sama. Wanda ya fara da dubawa ya koma farkon darasin.

Darasi na 4: Yoyon da ba ya fitowa sai an fesa

Wani yoyon ba ya nuna kansa sai famfo ya turo ruwa da ƙarfi. Alamarsa ita ce, kuna jin kukan famfo, amma feshin ba ƙarfi ko babu shi sam, tanki kuma yana saurin ƙarewa.

Wannan aikin mutum biyu ne. Ɗaya ya zauna a ciki, ya murɗa makulli har fitilun gaban direba su kama, ba tare da tayar da injin ba. Ɗayan ya tsaya a gaba, bonet a ɗage. Ya janye hannu da hannun riga daga ƙarfen waifa, domin zai motsa, ya kuma nisanci fankar lagireto, wadda takan tashi da kanta.

Me za a fara yi? Na san wasunku sun riga sun ce a ja sanda. Haba jama'a! Yanzu yanzu muka gama magana. Tsumma tukuna. A goge tiyon daga famfo har bakin feshi, ya bushe, sannan na ciki ya ja sandar na daƙiƙa 3, ya saki. Kada ya riƙe ta da daɗewa, kuma kada a ja ta tanki ba ruwa, famfon zai ƙone.

Ku fi zuba ido a wuri uku. Inda tiyo ya lanƙwasa a mahaɗar bonet da jikin mota, domin duk buɗewa da rufewa sai ya tanƙwara, zafin injin kuma ya busar da shi har ya tsage. Sai 'yar mahaɗar roba inda tiyo ya rabu biyu. Sai ƙarƙashin bakin feshi, inda tiyo yakan zame. Wasu motocin suna da bargo a cikin bonet, tiyon yana bayansa. In bargon ya jiƙe, ku ɓalle shi. Ɓera ma yana cin tiyo, za ku ga sawun haƙoransa.

A nan ma ruwan zai biyo tiyo ya ɗiga can ƙasa. Kada ku bi ɗigon. Ban san sau nawa zan faɗa ba. Ku bi danshin zuwa sama.

In ba ku ji kukan famfo ba sam, wannan ba yoyo ba ne. A duba fiyus.

Darasi na 5: Gyaran tiyo

In bakin tiyo ne ya tsage, ku yanke wajen santimita 1 da reza, ku tsoma sabon bakin a ruwan zafi ya yi laushi, ku tura shi ya zauna. In tsagar a tsakiya take, ku yanke wurin, ku haɗa gefe biyun da mahaɗar roba. Salatif ba ya riƙewa, kwana kaɗan zai saki. In kun matsa tiyon kun ji ya yi tauri yana farfashewa, ku canza shi duka. Ku tafi da guntun tsohon don a ba ku daidai kaurinsa. Yawanci ramin cikinsa wajen milimita 4 ne.

Tiyon da ke yawan fita daga wurinsa, bakin feshinsa ne ya toshe. Ku share hudar da siririyar allura, ba da ƙarfi ba. Ku daina zuba garin sabulu a tanki, shi ke toshe ta.

Kun gama? Ku goge, ku fesa, ku duba.

Darasi na 6: Zoben roba da famfo

Ku kashe makulli. Ku ajiye bokiti a ƙasa, domin duk ruwan zai zubo. Ku cire wayar famfo, ku cire tiyo, ku ja famfon ya fito. Ku zare zoben, ku sa sabo, ku jiƙa shi da ruwa, ku tura famfon ya koma. In jikin famfon ne ya tsage, ba a gyara shi, sabo ake sa wa.

In sai an cire taya, kada kowa ya shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita.

Darasi na 7: Tanki

Tanki yakan fashe in an bugi bamba, ko in ruwa ya daskare a ciki a ƙasashe masu ƙanƙara. Gam ba ya kama irin wannan roba da kyau. A canza shi.

Darasi na 8: Gilashin baya

Motar da ke da waifa a baya, tiyonta ta cikin mota yake bi. In kafet ko rufin ciki ya jiƙe, ku kai wa makaniki.

Aikin gida

1. Ku zana hoton da ke kan murfin tankin.
2. Ku rubuta abu uku na darasi na 3, a jere yadda suke.
3. Ku zo da tsumma biyu.