Yadda ake haɗa garin abincin asibiti ga mai ciwon hanji

Garin abincin asibiti irin su Peptamen an riga an farfasa furotin ɗinsu, shi ya sa hanji mai rauni ke tsotse su ba wahala. Amma likita ne zai rubuta, kamar na Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe. Kar a saya don maƙwabciya ta yaba.

Da farko a duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa. A wanke hannu da kofi.

A tafasa ruwa ya huce. Ruwa ake fara zubawa, sannan garin, a auna shi da cokalin da ya zo cikin gwangwani, a shafe bakin cokalin ya daidaita. Nan ake yin ɓarna: wasu su tsinka shi don gwangwani ya daɗe, wasu su kaurara wai ya fi ƙarfi. Tsinkakke ba ya ƙosarwa, mai kauri kuma kan jawo gudawa.

A zaunar da majinyaci ya riƙa kurɓa kaɗan-kaɗan. Ragowar a firji kar ta wuce awa 24. In babu wuta, da zafin Gombe, a zubar. In amai ko kumburin ciki ya biyo baya, a koma asibiti.