Yadda Ake Shiga Aikin Tsara Rumbun Bayanan Sirri

A wani ƙauye kusa da Ringim nake aiki, ɗakin da ke jikin zaure, sola biyu a kan kwano. Kamfanin da ya ɗauke ni yana ba hukumomi shawarar fasaha. Nawa aikin shi ne zana inda kowane bayani zai zauna, wa zai buɗe shi, wa za a hana.

Fara da koyon SQL, yaren da ake ba rumbun bayanai umarni da shi. Girka PostgreSQL, manhajar rumbun bayanai, a kwamfutarka, ka ƙirƙiri rajistar manoma da sunayen ƙarya, kada ka taɓa na gaske. Da gangan ka saka Musa Ibrahim shida, biyu unguwarsu ɗaya, tunda haka abin yake a garuruwanmu. Nan za ka gane dalilin da ba a rataya tsari a kan suna. NIN mai lamba 11 ke raba su. Ita ma ba kowa za ka nuna wa ba. Mai rabon taki, sunan manomi da yawan buhu sun ishe shi.

Tantancewar tsaro kuwa, wato binciken da ake yi maka kafin a bar ka ka taɓa bayanan sirri, mai ba ka aikin ne ke tura sunanka. Kai dai gyara takardu tun da wuri. Ni shekarar haihuwata ta NIN ta saɓa da ta takardar sakandare, sai da na yi wata biyu ina sintiri, har da rantsuwar kotu. Tanadi takardar shaidar hali ta 'yan sanda, ka rubuta duk inda ka taɓa zama. Gidanmu ba lamba, don haka na kwatanta da masallacin Juma'a da gidan mai unguwa. In akwai bashi a kanka, faɗa. Ɓoyewar ce ke kayar da mutum.

Tallan aikin Ingila mai neman SC ko DV, matakan tantancewar tsaron ƙasar, SC galibi sai wanda ya zauna ƙasar shekara 5, DV kuma 10. Kada ka ƙona datarka a kai.

Jarrabawar gaske a gida take. Ƙanenka zai zo aron kwamfuta ya kalli ƙwallo: hana shi, ko da zai kai ƙara wajen Inna. Fayil ɗin aiki ba ya hawa WhatsApp, ba ya zuwa shagon cajin waya. In aka tambaye ni a majalisa, "aikin kwamfuta ne" nake cewa, in ja hirar zuwa farashin riɗi. Idan kuwa bayanan mutane suka fita ta yadda za su iya cutuwa, dokar kare bayanai ta 2023 ta ba da awa 72 a sanar da NDPC, hukumar kare bayanai ta Najeriya, shi ya sa lambar ogana take rubuce a bangon ɗakin.