Na'urar auna ruwa da na gada: yadda za ka gane irinta

Ranar da maigidana ya aje aiki nan Damagaram, ya bar mini wani akwati. Ciki na tarar da na'ura mai kama da tocila, igiyarta a naɗe, ba takarda ko ɗaya. Na ce, "Baba, wannan me take aunawa?" Ya ce shi ma tarar da ita ya yi, amma kada in kuskura in ba ta wuta sai na san irinta. Gaskiyarsa, domin waya ɗaya in ta tafi inda ba nata ba, na'urar ta ƙone ke nan.

Fara da wanke ta da ruwa da tsumma mai laushi. Tawa ƙurar hunturu da busasshen taɓo sun rufe rubutun jikinta. Haska tocila daga gefe kusa da mahaɗar igiya, nan ake yawan zana sunan kamfani da lamba. In rubutun ya shafe, ɗora farar takarda ka goga fensir, sai lambobin su fito.

Sannan ka dubi bakinta da kyau, nan ne maganar take. In ka ga hula mai baƙin shafi, to iskar oksijin da ke cikin ruwa take aunawa, kuma hular canza ta ake yi in ta tsufa. In ƙananan tagogin gilashi ne, da ɗan soso mai share su, ko dai gurɓacewar ruwa, wato yawan laka da ƙurar da ke dusashe shi, take aunawa ko gansakuka. Waɗannan biyun suna ruɗa mutum. A wajen kamfanin YSI mai ƙera irin waɗannan na'urori, samfurin 6136 ta gurɓacewa ce, 6025 ta gansakuka, amma a ido kamar tagwaye suke.

Ƙirga wayoyin ma. Mai SDI-12, wato wani tsarin aika saƙo tsakanin na'urori, uku ke gare ta: ta wuta bolt 12, ta ƙasa (wadda wutar ke komawa ta cikinta), da ta saƙo. Irin wannan da bakinta take faɗin sunanta. Ka haɗa ta da na'urar ajiye bayanai, ka aika umarnin "?!" ta ba ka adireshinta, in sifili ne ka aika umarnin "0I!" sai ta jero kamfani da samfuri. Launin waya kuwa kada ka yarda da shi, kowane kamfani da nasa.

Bayan na samo takardar wayoyinta a intanet, na kunna ta cikin ɗaki mai duhu. Ban ga haske ba, har na ɗauka ta mutu. Da na kara kyamarar wayata, sai ga wani ɗigon haske ja-ja. Ashe ta gurɓacewa ce, mai hasken da ido ba ya gani, na tsawon zango nanomita 860, bisa ƙa'idar duniya ta ISO 7027, wadda ake rubuta sakamakonta da ma'aunin FNU. Ta gurɓacewa mai farin haske kuwa da ma'aunin NTU take bayarwa, shuɗi kuma na gansakuka ne ko oksijin. Wannan bambancin ya dame ni ƙwarai, don ruwan tabki da damina ja yake kamar kunu, kuma mai FNU da mai NTU ba lallai su ba ka lamba ɗaya a kansa ba.

Na ɗebo ruwan famfo kofi ɗaya, na tabkin bayan unguwarmu kofi ɗaya, na tsoma ta, lambar ta tashi yadda ya kamata. Yanzu maganin daidaita ta, formazin, nake jira daga Yamai kafin in rubuta ko lamba ɗaya a rahoto.