Kurakuran da iyaye suka fi yi wajen taya yara aikin gida

Babban kuskure shi ne iyaye su karɓe aikin daga hannun yaro. An ba shi 47 a tara da 38, yana ta ƙirga yatsu, dare na yi, uwa ta gaji, sai ta ce, "Kai, rubuta 85 mu huta." Washegari malam ya ga amsa daidai, ya ba shi maki, ya wuce darasi na gaba. Alhali yaron bai san inda ake kai 1 ɗin nan ba idan 7 da 8 suka ba da 15. Da aikin gida malam yake gane inda ɗalibi ya maƙale, kuma idan babba ya yi aikin, an rufe wa malam ido ke nan.

Gyaran shi ne tambaya maimakon amsa. A ce masa, "Nuna min yadda aka yi muku a allo." In ya kasa, ku yi wani lissafi mai kama da shi tare, kamar 26 da 15, sannan a bar shi da nasa. Idan duk da haka ya kuskure, gara a bar kuskuren a littafin. Na san da wuya uba ya ga ba daidai ba ya yi shiru, amma kuskuren nan ya fi wa malam amfani.

Akwai kuma masu cewa, "Mu ba haka aka koya mana ba," su kawo tasu hanyar. Yaro ya rasa ta wa zai bi. A duba littafin darasinsa tukuna.

Tsawa da kiran yaro daƙiƙi ba su taɓa buɗe kai ba, sai dai ya koyi ɓoye littafi. Yabo ma yana da nasa tarko. Binciken da masana halayyar ɗan Adam Carol Dweck da Claudia Mueller suka wallafa a 1998 ya nuna yaran da aka yaba wa basira sun fi saurin karaya a gaban aiki mai wuya, fiye da waɗanda aka yaba wa ƙoƙari. "Na ga yadda ka dage har ka samo" ya fi "kai ai gwani ne."

Sai tsawaita zama. A Amurka akwai ma'aunin da malamai da yawa ke bi: minti 10 a rana ga ɗan aji ɗaya, a ƙara minti 10 kowane aji, wato kimanin awa guda ga ɗan aji shida. A tsayar da lokaci guda kullum, a kashe talabijin, babba ma ya ajiye wayarsa. Idan ɗan aji biyu ya shafe awa yana hawaye a kan shafi ɗaya, a rufe littafin, a rubuta wa malam 'yar takarda: ga inda ya tsaya, ga tambayar da ta gagare shi.