Kurakuran da aka fi yi wajen gyaran littafi kan harin antaraks na 2001

Mai gyaran littafi a Yamai yakan zauna da jan biro yana farautar waƙafi da harafin da ya faɗi, alhali ɓarnar tana wani wuri. A littafin da ya shafi binciken wasiƙun antaraks na Amurka, wato wasiƙun da aka aika ta gidan waya a 2001 ɗauke da ƙwayoyin cutar antaraks mai kisa, babban kuskure shi ne mai da zargi hukunci.

Ga jimlar da za ka yi ta cin karo da ita: "Bruce Ivins ne ya aika wasiƙun." Ka ja mata layi. Ivins masani ne a cibiyar binciken cututtuka ta sojan Amurka da ke Fort Detrick, kuma shi FBI, hukumar binciken manyan laifuka ta Amurka, ta ɗora wa laifin kafin ta rufe binciken a Fabrairun 2010. Amma ya kashe kansa a Yulin 2008, ba a taɓa gurfanar da shi gaban alƙali ba. A 2011 kuma kwamitin masana na Majalisar Bincike ta Ƙasar Amurka ya ce hujjar kimiyya kaɗai ba ta isa ta tabbatar cewa ƙwayoyin sun fito daga kwalbarsa mai lamba RMR-1029 ba. Gyaran ba wuya: "FBI ta ce Ivins ne," sannan ka zayyana abin da ta dogara da shi da abin da masana suka ja da baya a kai. Mai karatu ba yaro ba ne, zai auna.

Wanda yake ganin wannan tsanani ne ya tuna da Steven Hatfill. A 2002 ministan shari'a John Ashcroft ya ambaci sunansa a bainar jama'a a matsayin wanda masu binciken suke sa wa ido, ƴan jarida suka yi masa caa. A 2008 gwamnati ta wanke shi, ta amince ta biya shi kusan dala miliyan 5.8. Marubucin da ya kwaso bayanansa daga jaridun 2002 zai sake shafa wa mutumin kashin kaji ba tare da ya sani ba. Don haka kowace takarda da aka dogara da ita, rubuta shekararta a gefen shafi. Mu nan da yawancin abin da muke samu ya biyo ta Faransanci, sai an ƙara da neman asalin maganar kafin a sa ta a bakin wani.

Lissafi ma yana zamewa. Mutum 22 suka kamu, 5 daga cikinsu suka mutu. Wasu kan haɗa su rubuta 27. Wasiƙun kashi biyu ne: na farko ɗauke da hatimin gidan waya na 18 ga Satumba zuwa kafofin labarai, na biyu na 9 ga Oktoba zuwa sanatoci Tom Daschle da Patrick Leahy. Babin da ya cakuɗa su ya rikita duk abin da zai biyo baya.

Akwai wani tarko da nake jin daɗin kamawa. Nau'in ƙwayar ana kiransa Ames, sai marubuci ya rubuta cewa daga garin Ames na jihar Iowa ya fito. Daga jikin saniya aka samo shi a Texas a 1981, adireshin da ke kan kunshin ne ya ruɗi mutane.

Antaraks bakteriya ce, ba bairos ba, kuma makiyayan Tawa sun san ta a jikin dabba tun ba yau ba. Kada a rubuta ta kamar mura mai bin mutane. Harin jirgin ƙarƙashin ƙasa na Tokyo a 1995 kuwa da gubar sarin aka kai shi, ba ya cikin wannan layi.

Sai abin da ya kamata a datse gaba ɗaya: hirar da marubuci ya ƙaga tsakanin jami'ai a ɗakin da babu wanda ya naɗi magana, da tunanin da ya cusa wa Ivins a daren ƙarshe. Haka nan dogon bayanin yadda ake sarrafa ƙwayar a ɗakin gwaji. Labarin ba ya buƙatarsa, kuma ba abin da za a baza a kasuwa ba ne. A wurinsa a ba ma'aikatan gidan waya na Brentwood da ke birnin Washington fili, inda biyu daga cikin mamatan suke aiki.