Yadda mai ciwo mai daɗewa zai yi idan an janye maganin da ya saba sha

Wanda ya shafe shekaru yana fama da amosanin gaɓɓai, ko ciwon baya, ko rikicin sikila, ya san faɗuwar gaban da ke zuwa ranar da mai harhaɗa magani ya dubi takardarsa ya ce masa an daina kawo wannan maganin. Da yawa daga nan sai su zarce kasuwa neman wanda ya ɓoye ragowa. Akwai hanyar da ta fi wannan, kuma da ita na bi lokacin da abin ya faru da mahaifiyata, wadda gwiwoyinta ke hana ta yin sujada.

Mataki na farko shi ne ka gano dalilin janyewar, domin shi zai nuna maka ko maganin ya cancanci a ci gaba da nemansa. Ka ɗauki kwalin da ya ƙare ka kai wa ƙwararren mai harhaɗa magani a asibiti, ka tambaye shi sunan sinadarin da ke ciki. Sau da yawa kamfani ne kawai ya daina yin samfurinsa, alhali sinadarin yana nan da wani suna, kuma ana iya duba rajistarsa a kundin hukumar NAFDAC da ke intanet. Amma wani lokaci hukuma ce ta janye shi saboda yana kisa. Haka aka yi wa wani maganin ciwo mai suna co-proxamol a Birtaniya, inda aka sanar da janye shi a 2005 aka kuma soke lasisinsa a ƙarshen 2007, saboda ɗaruruwan mutane na mutuwa duk shekara ta hanyar shan fiye da kima. Amurka ma ta janye sinadarin propoxyphene da ke cikinsa a 2010 don yana dagula bugun zuciya. A Najeriya an hana yi da shigo da maganin tari mai kodin a watan Mayun 2018, kuma tiramadol ɗin da doka ta yarda da shi shi ne mai miligiram 50 da 100, bisa takardar likita.

Na biyu, idan maganin daga dangin tiramadol ko kodin ko mofin yake, kuma ka daɗe kana shansa kullum, kada ka yanke shi rana ɗaya. Jiki ya riga ya saba, yankewar kan kawo zufa da gudawa da rashin barci da tsamin jiki, har mutum ya ɗauka ciwonsa ne ya ta'azzara. Ka je wurin likita tun kana da ragowar 'yan ƙwayoyi, domin ya tsara maka yadda za ka rage a hankali.

Kafin ranar ganin likita, ka shirya shaidarka, kuma nan ne mutane suka fi sakaci. Mun sami ƙaramin littafin rubutu na 'yan makaranta, kullum bayan asuba da bayan isha'i Hajiya, wato mahaifiyar tawa, ta ba ciwon maki daga 0 zuwa 10, mu rubuta abin da ta sha, da lokacin, da abin da ciwon ya hana ta yi. Bayan mako biyu da muka buɗe wa likita littafin, ya ga cewa da safe ne abin ya fi tsanani, ya ce, “Hajiya, yanzu na fahimci inda yake miki.” Ka haɗa da tsofaffin takardun asibiti da sunayen magungunan da ka gwada suka gaza, ka kuma faɗi gaskiyar adadin da kake sha ko da ya wuce abin da aka rubuta maka, domin da wannan adadin zai auna madadin.

Daga nan ka tambaye shi kai tsaye ko akwai halastacciyar hanyar samun maganin. A Birtaniya an bar ƙofar da likita zai iya rubuta co-proxamol ga majiyyaci guda da sunansa, tare da ɗaukar alhakin abin da ya biyo baya, ko da yake likitocin da ke yarda kaɗan ne. A Najeriya shigo da irin waɗannan magunguna sai da izinin NAFDAC, don haka roƙon ɗan'uwa ya sako maka su a jaka daga waje jefa shi ne a hannun NDLEA.

Idan ƙofar a rufe take, ka nemi a tura ka babban asibiti, kamar Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ko na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, inda ake da likitocin ƙashi da na jini da masu gashin ƙashi, kuma ake ba da mofin ga wanda ciwonsa ya kai. Madadin ya danganta da irin ciwon. Mai zugi da ƙuna irin na jijiya yakan ji amitriptyline ko pregabalin fiye da tiramadol, mai sikila kuma hydroxyurea kan rage masa yawan tashin ciwon tun daga tushe. Paracetamol kada ya wuce giram 4 a yini ga babba, sannan ibuprofen da diclofenac suna cin ciki da ƙoda idan aka daɗe a kansu, musamman ga tsofaffi.

Abin da nake roƙo da babbar murya shi ne a guji ƙwayoyin kan tebur da na 'yan talla, irin tiramadol mai miligiram 225, waɗanda ke jawo jijjiga kamar farfaɗiya kuma ba wanda ya san abin da aka cusa a cikinsu, haka nan allurar pentazocine da wasu masu sikila ke yi wa kansu har cinya ta sandare ta yi gyambo. Idan an ba ka sabon magani, ka ci gaba da rubutu a littafin, ka koma da shi ranar da aka sa maka ko da ka ji sauƙi. Hajiya sai a komawa ta uku aka dace da adadin da ya bar ta ta yi barci.